Ɗinkin Gidan Jatau

A zamanin da, farkon shigowar jiragen Turawa masu hayaƙi, an yi wani sarki da garinsa ke bakin babban kogi. Wata safiya ya zauna fada fuska ba annuri, domin 'yan fashin ruwa sun tare jirgin fatake, sun kwashe gishiri da tufafi, sun ɗaure mutum goma sha ɗaya sun jefa ruwa, har da mace mai goyo. Cikin mamatan akwai matuƙan wani Bature biyu. Baturen, wanda kyaftin ne na jirgi mai hayaƙi, ya girke jirginsa a tsakiyar kogi, bakin igwa na kallon kasuwa, ya aiko tafinta ya ce kwana uku ya bayar: ko a miƙa masa shugaban ɓarayin, ko gari ya koma toka.

Abin da ɓarayin suka bari kwale-kwale ne guda da ya fashe a kan dutse. Aka jawo shi ƙofar fada, aka kira Sarkin Ruwa Jatau, tsohon da duk matuƙan garin ke ƙarƙashinsa. A ƙasar nan da igiyar kaba ake ɗinke katakon jirgi, kowane gida da irin ɗinkinsa, sannan a shafe da danƙo don kada wani ya gani ya koya. Jatau na durƙusawa ya ga inda danƙon ya ɓare: ƙulli biyu a kwance, ɗaya a gicciye. Ɗinkin gidansa ne, kuma mutum ɗaya ya taɓa koya wa, ɗansa Tanimu, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Sarki ya ce, "Ka san hannun?"

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ruwa ya ci igiyar, ban gane ba."

Waziri Cindo, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ya tausaya wa kowa ba, ya nemi a bar masa aikin. Ya tara matuƙa arba'in a bakin gaɓa, ya sa aka fasa wa kowa jirgi da gatari, ya ce su ɗinke. Mutanen ba wawaye ba ne. Duk suka yi ɗinkin 'yan koyo mai yoyo, har da Tanimu, Jatau kuwa ya yi ajiyar zuciya.

Waziri ya zaga ya duba, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Yanzu kowa zai shiga abin da ya ɗinka ya ƙetare ta mashayar kadoji. Wanda bai amince da hannunsa ba, yana da zuwa la'asar ya gyara."

Nan da nan aka hau warwara. Tanimu kaɗai ya daɗe zaune yana kallon tsakiyar ruwa, inda kadoji suka jera bayansu a rana. Jatau ya kafe shi da ido yana roƙonsa a zuci kada ya warware. Amma shi Tanimu, tsoron haƙoran da yake gani ya fi masa tsoron Waziri. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, yatsunsa suka koma hanyar da suka sani.

Da dogarai suka jera jirgin Tanimu da na ɓarayin gaban Sarki, ko makaho ya shafa zai gane hannu ɗaya ne. Jatau ya faɗi ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɗinka wancan. Ni ne shugabansu."

Waziri ya miƙa masa basilla da igiya cikin ladabi. "Bismilla, Sarkin Ruwa. Ƙulli ɗaya ya ishe mu."

Tsohon ya karɓa, hannunsa na karkarwa irin ta tsufa. Sau bakwai yana nufar kafar basilla igiyar na kaucewa, jama'a na kallo, ba wanda ya taimake shi. Abin tausayi ne ƙwarai, amma dangin matar nan mai goyo suna tsaye a wurin, idonsu a bushe.

Tanimu ya ce, "Baba, ajiye. Ni ne."

Al'adar garin ita ce, duk wanda za a fitar ta ruwa, Sarkin Ruwa ne ke tuƙa shi da kansa, Sarki kuwa bai ɗage ta ba. Aka ɗaure Tanimu aka zaunar da shi a jirgin da ya gama ɗinkawa, aka ba uban filafili. A can jirgin Bature an riga an rataya igiya.

Igwa ta juya baki, kasuwa ta ci washegari, fatake suka koma bin kogi lafiya. Jatau ya tuƙo jirgin gida shi kaɗai, yana duban ƙasansa. Zuwa da dawowa, ko ɗigon ruwa bai shiga ba.