Jatau Kurege da Gyaɗar Ƙarƙashin Dandali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku na gaba da ku masu leƙe ta bayan zana.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Wani kurege ne, ana ce masa Baba Jatau. Ya tsufa, gashin bakinsa ya yi fari, gwiwoyinsa suna ƙara in ya tsuguna, amma kwaɗayinsa ko furfura ɗaya bai yi ba. Ba ya noma. In an tambaye shi dalili sai ya dafe ƙugu ya ce ciwon baya.

Da kaka ta yi, Gagare gwaggon biri ya cika rumbu da jar gyaɗa mai manyan ƙwaya, irin da duk garin shi kaɗai yake shukawa. Jatau ya bi ta ƙarƙashin rumbun. Yau kaɗan, gobe kaɗan, yau kaɗan, gobe kaɗan, har rumbu ya koma in ka buga sai ya amsa kamar ganga. Ya kwashe ya binne a wani faƙo bayan gari, inda ko akuya ba ta kiwo. Wannan gyaɗa ita ce abincinsa har damina, ba shi da wata. Gagare kuwa ya rantse gaban kowa, ranar da ya kama ɓarawon sai ya tsige masa wutsiya ya yi mafici da ita.

To, samarin garin nan ba su da dandali. Da akwai, dattawa ne suka cinye shi. Wannan ya ce kuɓewa kaɗan zai sa a gefe, wancan ya ce yakuwa kaɗan, aka wayi gari wurin kokawa ya zama gona har da shinge. In yara sun yi langa a lungu, a kore su. In sun yi kokawa a bakin rijiya, a kore su. In sun gaji sun zauna gindin tsamiya, dattawan nan su wuce suna girgiza kai, wai yaran zamani ba su iya komai ba sai zaman banza.

Ran nan samari suka ga faƙon bayan gari, suka je suka roƙa. Dattawa suka duba suka ga ko ƙaya ba ta fitowa a wurin, sai suka ba su da zuciya ɗaya, har da sa albarka.

Da labari ya kai wa Jatau, sai ya hango abin da zai faru. Ɗan giwa zai kama ƙafa ɗaya ya yi tsallen langa a kan abincinsa, ɗan ɓauna zai kā da ɗan gwanki a kan abincinsa, kafin a ce haka gyaɗa ta zama ƙuli-ƙuli. Ya ce bari ya je ya kwashe. Ya tarar samari sun cika wurin suna shara, har sun sa ɗan mujiya gadi, kada wani dattijo ya lallaɓo ya sa kuɓewa kaɗan a gefe.

Ya koma gida. Ya shafa baƙin tukunya a gashin baki, ya karkata hula, ya cire Baba daga sunansa ya ajiye a gida, ya dawo yana tafiya yana ɗan tsalle, gwiwa tana ƙara. Ya same su suna gardamar wanda zai zama Sarkin Samari. Kowa yana ƙi, don shi ne wanda dattawa ke kira su zaga in an yi ɓarna. Jatau ya ce shi ya ɗauka, saboda ƙaunar da yake yi wa tsararsa.

Cindo ɗan dabgi, yaro ne mai faratan haƙa da ƙarancin wayo, ya dube shi ya ce, “Baba, ba kai ne abokin kakana ba?”

Jatau ya ce, “Wancan yayana ne. Muna kama.”

Aka naɗa shi. Ko zama bai gyara ba ya fara kafa doka. Langa dai an hana, ƙauyanci ce. Kokawa an hana, tana yaga wando. Rawa an hana, tana tā da ƙura, ƙura tana kawo tari. Suka ce to, me za a yi a dandalin? Ya ce shi ya zaga birane ya gani, samarin da suka waye a zaune suke wasa, ba mai taka ƙasa da ƙarfi. Dara za a yi. Kowa ya zauna a hankali, kowa ya tashi a hankali, ɗan giwa kuma ya yi kallo daga bakin fili.

Samari ba su ji daɗi ba, amma fili bayan rashi, ko a zaune ne sun karɓa. Jatau ya koma gefe yana jin kansa, yana cewa a ransa duk dajin nan ba a haifi mai dabararsa ba.

Abu ɗaya ne bai sani ba. Shi tun yana yaro bai taɓa zama wurin wasa ba. Lokacin da tsararsa suke dara, shi yana ƙarƙashin rumbunan mutane. Saboda haka bai san cewa ba a dara sai an tona ramuka a ƙasa, jeri-jeri, inda za a riƙa sa 'ya'yan dara ba.

Aka ce wa ya iya tono? Aka ce Cindo.

Jatau ya ga yaro ya durƙusa yana gyara farce, sai ya taso da gudu ya ce, “Kai, me za ka yi?”

“Gidajen dara, ranka ya daɗe.”

“To, a hankali. Ɗan taɓawa kawai.”

Cindo ya ɗan taɓa. Amma ɗan taɓawar dabgi, ai kun sani. Farce ɗaya ya kai, ƙasa ta tashi sama, ta dawo da jar gyaɗa mai manyan ƙwaya. Ya matsa gida na biyu ya ɗan taɓa, gyaɗa. Ya matsa na gaba ya ɗan taɓa, gyaɗa. Samari suka yi ta sowa. Jatau ya tsaya yana kallo, yana jin kowane rami kamar a cikinsa ake tona shi.

Sowa ta jawo dattawa, dattawa suka jawo Gagare. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya shinshina, ya ce tasa ce. Da ya ji dokar dandalin, sai ya tambaya a hankali, wane ne ya hana a taka wurin nan da ƙarfi? Duk idanu suka koma kan Jatau. Jatau ya ji wutsiyarsa ta yi sanyi tun daga tushe.

In ya ce tasa ce, wutsiya ta tafi. In ya ce ba tasa ba ce, abinci ya tafi. Ya auna, ya ga ana iya yin rani da yunwa, amma ba a zama kurege ba wutsiya.

Ya gyara murya ya ce, “Ni ne, Gagare, kuma don kai na yi. Tun tuni nake zargin nan ɓarawon ya binne. Na hana langa kada a murƙushe maka dukiya. Na sa dara don a tono ta ba tare da ɓarawon ya farga ba.”

Gagare ya ce, “To, wane ne ɓarawon?”

Jatau ya ce, “Sunansa ban sani ba. Amma wanda ya sami gyaɗa haka ya iya haƙurin binnewa, tsoho ne. Mu yara da mun samu, a ranar za mu cinye.”

Gagare ya juya yana duban dattawa ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu kuwa yana da ɗan abin da ba ya son a tono, sai suka fara tari, suka ce tunda kaya ya fito a bar maganar, zaman tare ya fi. Gagare ya yi godiya har da ƙwalla. Ya kwashi rabi, ya ce rabin tukuici ne ga samari, Sarkinsu ya raba da hannunsa.

A garin nan kuwa mai rabo ba ya ɗauka sai kowa ya samu. Jatau ya zauna gaban tsibin gyaɗar da ya yi kaka guda yana jā da haƙori, yana miƙa wa yara yana murmushi. Wannan ya karɓa ya ce an gode, wancan ya karɓa ya ce an gode. Labari ya kai ƙauyuka, samarin da ba su taɓa zuwa wasa ba suka ɓullo, kowa da ƙanensa a baya. Tsibi yana raguwa, layi yana ƙaruwa. Da ya ga ƙasa ta fara bayyana, sai ya yi kamar zai share gumi, ya cusa 'yan ƙwayoyi a kumatu, dama da hagu. Ya ce a ransa ko ba komai yau dai ba zai kwana da yunwa ba.

Daga nan ya yi gum. Aka yi masa magana ya gyaɗa kai, aka yabe shi ya gyaɗa kai. Dattawa suka ce ba su taɓa ganin shugaba mai kawaici irin wannan yaro ba.

Sai samari suka ce tunda an kwashe dukiyar Gagare, ba sauran abin da za a murƙushe, yau akwai kokawa. Kwaɗo makaɗi ya ɗaura kalangu. Kuma ba a buɗe sabon fili sai Sarkin Samari ya shiga tsakiya ya yi kirari da babbar murya. Jatau ya nuna maƙogwaro, wai mura. Ba wanda ya kula. Ɗan giwa ya ɗauke shi da hanci ya dire shi tsakiyar fili, kalangu ya tsaya, gari ya yi tsit ana jira.

Ya duba dama, Gagare ne. Ya duba hagu, dattawa ne. Ya buɗe baki ya ce, “Sai ni Jatau...”

Gyaɗa ta zubo. Wasu 'yan tsakin zabi da suka zo a makare, rabo bai kai kansu ba, suka ruga suka tsince tas. Uwarsu ta share hawaye, ta ce ku dubi Sarki, har a bakinsa ya ɓoye wa ƙanana nasu.

Ƙurunƙus kan tsohon kurege. Wanda duk ya yi niyyar sata in ya girma, to, ya riƙa zuwa wasa tun yana yaro.