Zabuwar Alhaji da Wasiƙar Bature

An yi wani attajiri, Alhaji Na'iya, wanda ko ƙuda bai taɓa lasar kwanonsa ba. Wata rana wani Bature da ya sauka gidansa ya aiko masa wasiƙa da Turanci. Alhaji yana zaune gaban soyayyar zabuwa, ya kira direbansa Tanimu, wanda ya tsinci Turanci a tashar Ikko.

Ya ce, "Duba mini, yabona ya yi ko zagina? Ka ce zagi, ka bar aiki. Ka ce yabo na gano ƙarya ne, ka bar aiki."

Tanimu, wanda tun safe ko koko bai sha ba, ya duba takarda, ya saci kallon zabuwa.

Ya ce, "Alhaji, maganar riƙon hannu ya yi. Su Turawa suna biyu gare su a nan. Wanda ya hana cikinsa ya ba wani, mai tattali ne, wannan yabo. Wanda ya cika cikinsa ya hana wani, marowaci ne, wannan zagi."

"To ni wanne ya rubuta?"

"Wanda ya gani mana. Ai Alhaji ya fi ni sanin cikin da yake hanawa."

Alhaji ya turo kwanon yana haɗiyar yawu. "Nawa nake hanawa."

Tanimu ya yagi cinya. "To yabo ne, ranka ya daɗe. In wata wasiƙar ta sake zuwa, a kira ni kafin a buɗe kwano."