Tunau da Tsohuwar Arewa

A zamanin da mutanen ƙasar nan ba su san fartanya ba, sai baka da abin da daji ya bayar, an yi wani maharbi a gindin Dutsen Kurma, sunansa Tunau. Tunau gagara-dawa, kibiya ɗaya ta ishi ɓauna! Annoba ta cinye masa mata da 'ya'ya, ya zauna shi kaɗai.

Wata bazara ya tsinci wata tsohuwa a bakin rafi, ƙafafunta duk sun tsage, tana rungume da 'yar jakar fata. Harshenta ba nasa ba ne. Da hannu ta nuna masa arewa, ta nuna ruwa yana ƙafewa, mutane suna faɗuwa. Ya ba ta nama, ta ci. Da ya ɗebo ƙwayoyin da ke cikin jakar zai kai baki, sai ta buge hannunsa.

Ruwan farko na sauka, ta ja shi fili. Ta soka sanda a ƙasa, ta zuba ƙwaya, ta rufe da diddige.

"Gero," in ji ta.

Da tsiro ya kai gwiwa, maharba suka biyo ta wurin. Babbansu ya ce, "Tunau, namun daji sun yi kudu. Tashi mu bi su."

"Ku je. Akwai abin da nake jira."

"Ciyawa? Yunwa za ta kashe ka a banza."

Suka wuce.

Kafin gero ya fitar da kai tsohuwar ta rasu. Ya binne ta a gefen gonar. Ya ci gaba da zama ba mai ce masa sannu, yana cin saiwa da fara, yana korar tsuntsaye har muryarsa ta dishe. An ce ranar da yunwa ta kayar da shi, shaho ne ya sauko ya tsare masa gonar har ya farfaɗo.

Da rani maharban suka dawo a rame, wasunsu sun mutu a hanya. Tunau ya ciyar da su da geron da ya girbe, sannan ya zuba wa kowa tafi ɗaya daban.

"Wannan ba na ci ba ne," ya ce.

Nan suka kafa garin Tsayau. Har yau manoman garin kan tono tsingaron tukwane masu tambarin ƙwayar gero, kuma fatake sun ce sun ga irinsu can arewa cikin rairayi, inda babu kowa. Duk kaka akan kai damin farko kabarin tsohuwar, a ajiye shiru. Ba a kiran sunanta, don Tunau bai taɓa saninsa ba.