Garin da Ya Yi Mutuwar Ƙarya

Ku gyara zama. Labarin yau daga nesa ya zo, kuma ba na dariya ba ne.

A ƙasar Sin, can zamanin da, akwai wani gari a kan tudu a bakin babban kogi. A nan Shulan take zaune, mai ɗinkin fararen kaya, domin a wurinsu fari shi ne tufafin makoki. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, saurayi mai suna Tinghe. Tana da yayye biyu maza, Baoshan maginin tukwane da Yuntao mai fito da kwalekwale.

Wata shekara labari ya zo cewa wata runduna tana haurowa ta kogin, duk garin da ta sauka sai ta kwashe samarinsa, kuma wanda aka tafi da shi ba ya dawowa. Shulan ta kasa ci ta kasa sha. Ta tara yayyenta ta ce, "In aka tafi da Tinghe, ni ma ku haƙa mini kabari." Baoshan ya ce, "Ba mu da takobi, ƙanwata, amma soja ma yana tsoron lahira. Mu mutu kafin su iso."

Baoshan ya bar tukwane ya koma gina gumaka. Ya ƙera alƙalan matattu masu jajayen idanu, da dogarai masu kan bijimi da kan doki, ya jera su tun daga bakin ruwa har ƙofar gari. Ko shi da ya gina su ba ya son bi ta wurin shi kaɗai.

Yuntao kuwa mutum ne mai baki, irin wanda zai sayar maka da ruwan kogin da kake tsaye a ciki. Ya gangara tasha tasha yana rantsuwa cewa a garinsu rayukan matattu ke taruwa a yi musu hisabi, har ma shi ke ƙetarar da su kogi, kwalekwale cike amma ba nauyi. Kafin ya dawo gida labarin ya riga ya shiga sansanin mayaƙan.

Shulan ta ɗinka wa kowa fari, ta sa aka shafe fuska da garin shinkafa, ta hana ko tari. Da ɗan leƙen asirin rundunar ya shigo kasuwa, ya tarar ana saye da sayarwa ba mai cewa uffan. Ita ta tare shi da kwanon romo, ta ce, "Sha, ɗana. Wanda ya sha ya manta uwarsa, ya manta gida, ya huta." Mutumin ya saki kwanon ya ruga. Runduna ta wuce ta ɗaya gefen, ba a taɓa saurayi ko ɗaya ba.

Yaƙi ya ƙare, amma labarin ya ƙi ƙarewa. Fatake suka daina sauka. Ba mai ba 'yan garin aure. Yuntao ya sake bin tashoshin yana cewa ƙarya ya yi, mutane suka ce haka matattu ke yaudarar masu rai.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Tinghe. Mai magani yana tsallaken kogi, kuma ciwon bai fi ƙarfinsa ba. Shulan ta je da kanta ta durƙusa masa. Ya dubi fuskarta ya ja da baya, don labarinta ya riga ya kai masa, ya ce, "Ke ce mai romon nan. Koma inda kika fito." Ta dawo ta ɗinka wa ɗanta farin da ba na wasa ba.

A bakin kabari Baoshan ya ce hannunsa ne ya kashe yaron, don shi ya kawo shawarar, shi ya ba tsoro fuska. Yuntao ya ce a'a, gumaka ba sa tafiya, bakinsa ne ya kai labarin duniya. Shulan ta ce, "Ku yi shiru, yayyena. Ni na roƙe ku, kuma ni aka gani da ido." Ba wanda ya yarda ya ɗora wa ɗan'uwansa kayan, haka suka tsufa da su.

To jama'a, su ukun nan suka ceci Tinghe daga takobi, su ukun kuma suka toshe masa hanyar magani. Wane ne a cikinsu ya fi ɗaukar alhakinsa?