Mutumin da Ya Zagaye Tafki da Katanga

An yi wani mutum a ƙauyenmu da ke bayan masana'antun Challawa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma 'ya'yansa suna cikinmu.

A gabashin ƙauyen akwai tafki. Wanda bai san shi a da ba, da wuya ya yarda da ni. Da damina bado yakan rufe rabinsa, furen fari tas. Tsuntsayen kirinjijiya kan sauka da hantsi, kukansu har cikin gidaje. Mata na wanki a wannan gefe, Fulani na shayar da shanu a wancan. Ma'aikatan da suka tashi daga kamfani sukan ratse su wanke warin fata daga jikinsu kafin su shiga gida. Ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne.

Muna da wata al'ada. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, Baffa Dalhatu, babban dattijon unguwa, yakan sa a yi shela a masallaci cewa ranar kaza za a shiga tafki. Maza su fito da shebur da baro da jakuna, su yi ta kwasar laka. Mai katangar da ta zube ya tayar da ita, mai ɗaki ya yi yaɓe kafin ruwa. Iya Ladidi mai ginin tukwane ta ɗebi yumɓun da zai kai ta shekara. Kowa don kansa yake ɗiba, amma ɗibar nan ita ke ƙara wa tafkin zurfi. In ruwan sama ya sauko, ya tarar da wurin zama.

Mutumin nan a bakin tafkin ya girma. A nan ya koyi iyo. Iya Ladidi ta sha goya shi zuwa can in uwarsa na aiki. Da ya girma sai Allah ya buɗa masa a cinikin fatu da ƙiraga, yana tarowa daga ƙauyuka yana kai wa kamfanonin jima. Ya sayi gonar da ke jikin tafkin, ya gina babban sito, ya ja katanga.

Da farko katangar a iyakar gonarsa ta tsaya. Da shekara ta zagayo sai ta matsa, ta haɗiye hanyar da muke bi. Daga nan ta zagaye ruwan gaba ɗaya. Aka kafa ƙofar ƙarfe, aka ajiye mai gadi.

Baffa Dalhatu ya ɗebi dattawa suka same shi. Mutumin ya ce dukiyarsa na bukatar tsaro, mutane na kwashe masa ƙasa a bayan jakuna, kuma ban da sauro me tafkin ya taɓa ba wani? Sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya jera famfuna a wajen katanga.

Nan gari ya rabu biyu. Samarin da ya ɗauka aikin barbaɗa gishiri a fata suka ce ya yi abin kirki. Masu yaɓe da masu dabbobi suka ce an zalunce su. Wa da ƙane suka daina gaisawa. An zauna gaban mai unguwa, an sake zama, ba abin da ya fito.

Da bazara ta zo sai Iya Ladidi ta dogara sandarta ta tare shi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ɗan nan, ba ruwa na zo roƙo ba, laka ce. Ka bari a kwashe ta, tafkin ya sami ciki."

Ya ce, "Haba Iya, wa ke sayen tukunyar ƙasa yanzu? Ga famfo nan na ba ku. Abin da ke ciki kuma nawa ne."

Ta ce, "To, in ruwa ya zo, kai za ka nuna masa masauki."

Ya yi dariya ya shiga motarsa. Iya Ladidi ba ta sake taɓa yumɓu ba har ta rasu. Randar da ke ƙofar masallacinmu ita ce aikinta na ƙarshe.

Ya 'yan uwa, famfo yakan ba da laka? Saniya ta iya sha a bakin famfo? Tsuntsu na sauka a kansa?

Shekaru suka wuce ba a kwashe komai ba. Yashi da leda da shara suka yi ta gangarowa daga kwatocin unguwa suna kwanciya a ciki. Shi ma ya sa ana juye gashin fata da dattin sito a gefe. Bado ya mutu. Tsuntsayen suka daina zuwa. Mu kam sai mu tsaya a jikin katanga muna saurare, ko za mu ji kukan ɗaya.

Sai wata damina aka wuni ana ruwa, tun hantsi har la'asar. Ruwan unguwa duka ya gangaro ta kwalbati kamar yadda ya saba. Ya tarar tafkin ya zama kamar faranti. Da can, in ya cika, yakan malala cikin fadamar da ke bayansa. Yanzu katanga ta tare. Sai ya juya ya shiga sito.

Gishirin ya narke. Fatun suka kumbura suka ruɓe, wari ya hana mutane cin abinci. Kamfanoni suka ƙi karɓar ko ɗaya. Mutanen ƙauyuka da suka damƙa masa kayansu suka cika ƙofar gidansa. Ya sayar da motoci, ya sayar da gida, daga ƙarshe ya sayar da siton da filin ga wani baƙo mai manyan motocin ɗaukar kaya. Kafin kaka ɓarin jikinsa ya shanye.

Baƙon bai rushe katangar ba. Waya mai ƙaya ya ƙara mata a sama.

Yanzu mutumin yana kwance a zauren ƙaninsa. Ba ya zancen fata, ba ya zancen mota. Zancensa ɗaya ne, tafki: inda ya fara kama tarwaɗa, da sanyin laka a tafin ƙafa. Ya yi ta roƙo a kai shi ya ga ruwan ko sau ɗaya, har ƙanin ya gaji ya tura shi a keken guragu zuwa bakin ƙofar ƙarfe.

Sabon mai gadin bai san shi ba. Ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Ku yi haƙuri Baba, ba a shiga."

Da ƙyar bakinsa ya iya haɗa magana. Ya ce, "Ni na gina katangar nan."

Mai gadi ya ce, "To ai kun fi ni sanin dalilinta."

Aka juyo da shi, yana ta waiwaye.

Ya 'yan uwa, malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa da makiyaya na kowa ne, kuma wanda ya ci ƙasar da ba tasa ba, ko taƙi ɗaya ce, zai ɗauke ta a wuyansa ranar hisabi. Hanyar da ka toshe wa jama'a, wata rana kai ma za ka nemi bi. Abin baƙin cikin shi ne, zalunci ba ya tsayawa kan mai shi. Shi ya faɗi, mu kuma tafkinmu bai dawo ba. Yaran da aka haifa bayan katangar ba su taɓa ganin bado ba, in muna ba su labari sai su ɗauka tatsuniya ce.

Duk wanda ya san ya matsar da iyaka, ko ya tare hanya, ya mayar tun ƙofar tana hannunsa.

Allah ya jiƙan Iya Ladidi. Allah ya ba bawan nan nasa lafiya, ya karɓi tubarsa. Allah ya kiyaye mu da gina abin da zai tare mu a waje. Amin.