Mai Iso da Rigunansa Biyu

Ya 'yan uwa, ku matso cikin inuwa, ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari tsakanin Gumel da bakin iyakar Faransa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yansa suna raye kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Aikinsa a fadar hakimin garin shi ne iso. Duk mai son ganin hakimi, dagaci ne ko baƙo ko ɗan gida, sai ya tsaya a zaure, mutumin nan ya shiga ya faɗa, ya fito da amsa. Abin da ya shigar shi hakimi yake ji, abin da ya fito da shi kuma shi jama'a suke ji.

Allah ya rufa masa asiri. Akwai gona mai kyau da take tafe da muƙamin, yana noma gero da wake da riɗi. Shekarar yunwar Kakalaba, da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya, rumbunsa bai ƙare ba. Yana da tumaki a turke. Yana da mata, Hadijatu, mai fara'a da kaifin baki, wadda furarta ta yi suna a unguwa. Da la'asar yakan shimfiɗa buzu a gindin aduwar ƙofar gidansa, maƙwabta su taru ana hira har a kira magariba. Ina tambayarku, me ya rage wa irin wannan mutum ban da godiya?

Sai hakimi ya tsufa. Idanunsa suka mutu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya daina fitowa zaure. Nan take fada ta rabu biyu. Tsofaffin fadawa suka bi Galadima Gudaji, ƙanen hakimi, suna cewa sarauta ta ƙane ce. Matasa da fataken gyaɗa suka bi Ciroma Ilu, babban ɗan hakimi. Mai gaida wannan ba ya gaida wancan. Har makaɗa sun rabu, har mahauta sun san gidan da za su kai kan bijimi.

Mai iso ya zauna ya yi lissafinsa. In Galadima ya hau, zai ba nasa mutum zaure. In Ciroma ne, haka. Tsoron rasa zauren nan ya shige shi, ya hana shi ganin duk abin da Allah ya riga ya ba shi.

Sai ya tafi gidan Galadima ya faɗi ya yi gaisuwa, ya rage murya. "Ranka ya daɗe, jiya tsoho ya ambace ka. Ya ce garin nan sai ƙanensa. Amma ya ce ka dakata da shigowa, kada mutanen Ciroma su gane." Galadima ya ji daɗi, ya sa aka ɗauko masa kore, baƙar riga rinin Kano, wadda ta sha bugu tana ƙyalli.

Kashegari ya bi ta lungu ya shiga gidan Ciroma. "Allah ya ja zamaninka, tsoho ba shi da zance sai naka. Amma ya ce ka yi haƙuri da shigowa, kada Galadima ya ji haushi." Ciroma ɗan fari ne, dama akwai kunya tsakaninsa da mahaifinsa, ba ya shiga sai an kira shi. Ya yarda. Ya tuɓe farar rigarsa ta saƙi mai aikin koren zare, wadda duk garin suka san ta a jikinsa, ya ba shi.

Kun san al'adar fada. Wanda ya sa rigar babba ya zama nasa, ba sai an yi shela ba. To, mutumin nan da hantsi na Galadima ne cikin kore, da yamma na Ciroma ne cikin fara.

Wata safiya Hadijatu ta tsaya da rigunan biyu a hannu. "Malam, yau kai na wane ne, in san wadda zan kakkaɓe?"

"Ke dai dama furarki. Harkar fada ba ta mata ba ce."

"To. Ni dai wuya ɗaya na gani a jikinka."

Ya yi dariya, ya karɓi kore ya fita.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce kwaɗayi ne. Amma wata rana tsohon hakimi ya kira shi har bakin gado, ya ce, "Ka kira mini Gudaji da Ilu, su zo tare. Ina so in haɗa hannunsu kafin in tafi." Mai iso ya fito zaure ya zauna. Ya san ran da mutanen nan biyu suka zauna a gaban tsoho, ran nan asirinsa zai tonu. Ya sha ruwa, ya huta, ya koma ciki. "Ranka ya daɗe, Galadima ya ce ba zai zauna tabarma ɗaya da yaro ba. Ciroma kuwa ya ce sai wani jiƙon." Tsoho ya juya fuskarsa wajen bango.

Ya sake aikensa, mai iso ya sake dawo masa da ƙarya. Haka aka yi tun kaka har bazara. Makahon tsoho yana kwance yana zaton ƙanensa da ɗansa sun yashe shi, su kuma suna waje kowa yana zaton biyayya yake yi.

Shekarar nan azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Sai labari ya zo cewa jakada yana tafe daga Gumel, zai duba jikin hakimi, ya kuma ji inda jama'a suka karkata. Galadima ya aiko: ran nan yana so ya ga kore a jikin mutuminsa. Ciroma ma ya aiko da irin wannan saƙo game da fara.

Mai iso ya samo dabara. Galadima ne zai tari jakada a ƙofar gari, Ciroma zai jira a ƙofar fada. Sai ya sa fara a ciki, ya cusa wuyanta, ya ɗora kore a kai. Da an gama tarya zai riga kowa ta lungu, ya tuɓe kore, ya bayyana gaban Ciroma cikin fara.

Amma jakada ya makara. Aka tsaya a ƙofar gari tun hantsi har rana ta take tsaka, ba inuwa, ba iska, bakin kowa da azumi. Ciroma ya gaji da jira, ya taho ƙofar gari da jama'arsa, suka tsaya gefe guda. Mai iso ya kutsa tsakiyar mutanen Galadima yana ɓuya, riguna biyu masu nauyi a jikinsa, gumi yana zuba. Ya ga ƙasa tana juyawa. Sai ya yanke jiki ya faɗi.

Galadima da kansa ya durƙusa a kansa. "Ku ba shi iska, mutumina ne! Ku cire masa rigar nan!"

Aka ja kore ta kai. Sai ga fara, ga koren zarenta, gumi ya narkar da shunin kore ya ɓata ta daga kafaɗa har ƙirji. Ciroma ya ratso mutane ya tsaya.

"Baffa, mutuminka ne? Ai wannan rigata ce."

Rabon da ya yi wa baffansa magana tun kafin girbi. Galadima ya ɗago ya dube shi. "Me ya gaya maka, Ilu?"

"Ya ce Baba ni ya zaɓa, amma kada in shiga."

"Ni ma abin da ya gaya mini ke nan."

Suka bar mutane suna yayyafa wa mai iso ruwa. Da jakada ya iso suka tare shi tare, suka sauke shi, sannan su biyu suka wuce zauren da ba kowa, suka shiga ɗakin tsoho ba iso.

"Muryar wa nake ji? Gudaji? Har da Ilu? Ashe kun yarda ku zauna tabarma ɗaya?"

"Yaya, ai ba wanda ya taɓa kiran mu," in ji Galadima.

Tsoho ya laluba ya kamo hannun wannan, ya kamo na wancan, ya haɗa su a ƙirjinsa. Ran nan tare suka sha ruwa. Ya rasu bayan salla, hankalinsa a kwance. Wanda ya gaje shi a cikinsu ba shi ne wa'azinmu ba. Abin da zan gaya muku shi ne wanda bai samu ba ya zauna a hannun daman wanda ya samu, garin kuma ya zauna lafiya har yau.

Shi kuwa mai iso, ba a yi masa bulala ba, ba a ɗaure shi ba. Hukuncin tsoho magana ɗaya ce: "Ku bar masa rigunansa, ku karɓi zauren." Gona ta bi muƙami. Hirar gindin aduwa ta watse. Ba a ƙara neman sa shaidar ɗaurin aure ba. In ya wuce sai a ce ga Riga Biyu nan. Ya kwashe iyalinsa ya koma Maigatari, ya gwada dillancin dabbobi. Amma dillali ma magana yake ɗauka tsakanin mutum biyu, kuma labarinsa ya riga shi isa kasuwa. Ƙarshe ya koma tsaron jakunan mutane ranar kasuwa. Hadijatu ce ta riƙe gidan da furarta, ba ta taɓa yi masa gori ba. Ta wanke farar rigar nan da sabulu da kanwa ko za a samu mai saye. Shunin bai fita ba.

Ya 'yan uwa, ku lura. Ba Galadima ne ya kayar da shi ba, ba Ciroma ba. Da ya riƙe amanar tsoho, ko da zauren ya kuɓuce masa, da ya fita da mutuncinsa, da duk wanda ya hau zai so mai gaskiya a ƙofarsa. Yana cikin ni'ima, tsoron gobe ya sa ya sayar da ita da hannunsa.

Kada wani ya ce shi ba bafade ba ne. Kai da kake kai saƙo tsakanin wa da ƙane, ke da kike shiga gidan maƙwabta biyu da ba sa ga maciji, kai da kake tsakanin mai saye da mai sayarwa, duk iso kuke yi. Abin da aka ba ku, shi kuke kaiwa? Fuskar da kuka nuna a wannan gida, ita kuke nunawa a wancan? Akwai ranar tsayuwa da ta fi ta ƙofar garin nan zafi, kuma a ranar ba rigar da za ta rufe wata.

Allah ya sa cikinmu da wajenmu su zama ɗaya. Allah ya ba mu wadatar zuci da abin da ya ba mu, ya sa mu zama masu haɗa zumunci. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.