Ɗaurin Katin da Guduma Ya Haɗa wa Yayansa

Akwai wani mai walda da ake ce wa Guduma. Ba sana'arsa ce ta ja masa sunan ba, hannunsa ne. Mutumin nan kafin bakinsa ya gama faɗa, hannunsa ya riga ya sauka a kuncin mutum.

In ya tashi aiki wurin zamansa ɗaya ne, wani shago a saman bene, bisa masu gyaran waya, inda ake wasan katin dodanni.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, ba kartar caca ba ce. Katuna ne masu zanen mayaƙa da dodanni. Kowa yana tara nasa, ya zaɓi sittin ya haɗa ɗauri guda, ya sa wa kowane kati rigar leda don kada ya lalace. Sai mutum biyu su zauna su gwabza. Amma ba ka isa ka sauke dodo a tebur ba sai ka ciyar da shi da katin kuzari. Ƙaramin mayaƙi kuzari ɗaya ya ishe shi. Babban dodo kuwa sai ya lashe bakwai ko takwas kafin ya motsa.

A shagon nan Guduma ne zakara, kuma a faɗi gaskiya ya iya wasa. Sai dai halin, a'uzubillahi!

Wani ɗalibi ya taɓa lanƙwasa masa gefen kati garin kallo. Guduma ya kama yatsan ya murɗe har aka ji ƙas, ɗalibin ya durƙusa yana ihu. Wata rana kuma wani ya yi dariya don an ci Guduma wasa ɗaya. Kwalbar lemo ya jefa masa, ta wuce ta gefen kunnensa ta tarwatse a bango. Mai Shago ya sha yi masa kashedi, amma shi ma kashedin daga nesa yake yinsa.

To, Guduma yana da yaya, direban babbar mota. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon walda. Sai Allah ya jarrabi Yaya da hatsari. Ya tashi da ƙafa ɗaya a shanye, sai da sanda, harshensa kuma ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ya shige ɗaki ya daina fita. Ko gaisuwa aka zo sai ya ce a ce yana barci.

Wata rana matar Yaya ta tare Guduma a tsakar gida, idonta ya yi ja.

"Auta, don girman Allah ka riƙa fita da shi. Likita ya ce zaman ɗakin nan ne zai kashe shi, ba ƙafar ba. Ko wurin katin nan naku ne, ka je da shi ya ga mutane."

"Anti, wurin fa bene ne."

"Zai hau. In kai ne ka ce ya zo, zai hau."

Ya kuwa hau. Da sanda, da gumi, da hutawa a tsakiyar matakala, amma ya hau. Ya zauna yana kallon katunan nan, sai ga Yaya yana murmushi. Guduma kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Zakara guda, ga yayansa yana in'ina a gaban mutane! Kunya yake ji, jama'a. Kunyar wanda ya ciyar da shi.

A shagon akwai wata ƙa'ida mai kyau. Akwai babban kwali da kowa ke zuba katunan da ba ya buƙata. In sabo ya zo, tsohon hannu ne zai zauna ya haɗa masa ɗaurinsa na farko daga kwalin nan, kyauta. Kuma an san yadda ake yi wa sabo: a ba shi kuzari mai yawa, wajen kashi ɗaya cikin uku, a cika da ƙananan mayaƙa masu sauƙin fitarwa, a sa babban dodo ɗaya ko biyu don daɗin rai. Da haka zai riƙa sauke kati tun zagayen farko, ya koyi wasa, ya ji daɗi, ya dawo gobe.

Mai Shago ya jawo kwalin ya ce, "Yaya, kai ai da malaminka ka zo. Guduma, bismillah."

Guduma ya ɗauki kwalin ya koma lungu shi kaɗai. Ya tsince manyan dodanni zalla, masu ƙyalli, masu haƙora, irin waɗanda sabo zai gani ya rikice. Kuzari kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya jefa a ciki. Lissafinsa shi ne Yaya ya sha kashi sau biyu sau uku, ya gaji, ya koma ɗakinsa.

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Au... Auta, ri... rigar fa? I... irin taka nake so."

Duk shagon Guduma kaɗai ke sa wa katinsa baƙar riga. Ya yi tsaki ya zaro tsofaffin nasa ya watsa masa.

Daga ranar Yaya ya fara shan kashi. Zai ɗebi katunansa bakwai na farko, ya ga dodanni reras a hannunsa, babu abin ciyar da su. Yana zaune rungume da su za a cinye shi, ko kati ɗaya bai sauke ba. Sai ya yi dariya ya ce kansa ne bai ɗauka ba tukuna. Washegari kuma sai a ji ƙarar sandarsa a matakala.

Mutumin ya fara canzawa. Ya koma aski, ya koma cin abinci sosai, har tsokanar matarsa yake yi wai ta zo ya koya mata.

Akwai wani tela a shagon, shi ne na biyu a iya wasa, mutum mai sanyin hali. Ya ga abin ya yi yawa, sai ya ce, "Yaya, kawo in duba ɗaurin nan naka. Anya ba gyara yake so ba?"

Yaya ya rungume katinsa. "A... a'a. Ƙa... ƙanina ne ya haɗa min. Za... zakara ne fa."

Maganar ta je kunnen Guduma. Ya jira Tela a matakala, ya shaƙe masa wuyan riga, ya buga ƙeyarsa da bango har sau biyu.

"Ka sake miƙa hannu kan katin gidanmu, wallahi sai na karya yatsun da kake ɗinki da su."

Tela ya tafi gida da ƙululu a kai, bai faɗa wa kowa ba, amma kowa ya gane. Daga nan babu wanda ya sake tayin duba katin Yaya.

Ana nan sai ranar babbar gasar shagon ta zo. Wuri ya cika, har a kan taga mutane suke zaune. Guduma ya yi ta kakkaɓe mutane har ya kai wasan ƙarshe, shi da Tela. Yaya ba ya cikin gasa, amma ya ja kujera ya manne kusa da ƙaninsa, bakinsa har kunne.

Kafin wasan ƙarshe aka ba da hutu. Guduma ya ajiye ɗaurinsa a tebur ya sauka ƙasa, don wani ya jingina keke da babur ɗinsa. Daga sama ana jin ƙarar marin da ya yi wa mai keken. Shi kuwa Yaya ya fito da nasa ɗaurin ya ajiye a gefen na ƙaninsa, yana jin daɗin ganin su iri ɗaya, baƙi da baƙi.

Guduma ya dawo yana huci. Bai ko duba ba ya suri wanda ya fi kusa da hannunsa.

Yaya ya riƙo masa hannun riga. "Au... Auta, wa... wa... wannan..."

"Kai don Allah yi min shiru! Kafin ka gama magana an tashi kasuwa. Matsa can!"

Ya ture shi da gwiwar hannu. Ya cakuɗa katin ya miƙa wa Tela, Tela ya yanka ya mayar masa. A dokar wasan kuwa, in abokin karawarka ya yanka, shi ke nan, da wannan ɗaurin za ka yi wasa ko me ke cikinsa.

Guduma ya ɗebi bakwai ya buɗe. Dodo, dodo, dodo. Babu kuzari ko ɗaya.

Ya ja kati, dodo. Ya sake ja, dodo. Tela kuwa yana ta sauke ƙananan mayaƙansa suna yagar sa kaɗan kaɗan. Zakaran shago yana zaune da hannu cike da kati, ya kasa sauke ko ɗaya. Wani daga baya ya ce, "Yau zakara ya zama kaza," wuri ya fashe da dariya.

Nan ya miƙe ya watsa katunan a fuskar Tela.

"Wannan ba nawa ba ne! An canza min!"

Mai Shago ya ce, "An riga an yanka, Guduma. Kuma baƙar riga ce, taka ce."

"Na ce ba nawa ba ne! Ko mahaukaci ba zai ci wasa da wannan sharar ba! Wannan ai wanda na haɗa wa gurgun nan ne don ya gaji ya daina bina!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa ya juya ya kalli Yaya.

Tela ya miƙe a hankali. "Ashe da gangan ka yi? Shi ya sa ka fasa min kai? Allah wadaran halinka, Guduma. Mutumin da ya raine ka!"

Bai rufe baki ba Guduma ya kifar da teburin a kansa. Ya bi shi da naushi a hanci, jini ya ɓalle. Ya ɗaga shi ya maka da durowar gilashin da ake jera katuna masu tsada, gilashi ya tarwatse, ya yanki Tela a kafaɗa da wuya. Mai Shago ya riƙo shi ta baya, Guduma ya sa masa gwiwar hannu a baki, haƙori ya fita. Mutane suka yi matakala suna tattake juna. Wani har ta taga ya nemi dira.

Tela yana kwance cikin gilashi, ba ya iya tashi. Guduma ya suri kujerar ƙarfe ya ɗaga sama da hannu biyu. Idonsa ya rufe. Wallahi da ta sauka a kan Tela, gawa za a ɗauka.

Yaya ne ya jefar da sandarsa ya faɗa tsakani. Mutumin da yanzun nan aka kira gurgu a gaban jama'a. Ya ɗaga hannun dama yana cewa, "Au... Au..."

Kujerar ta sauka. An ji ƙarar ƙashi har bakin ƙofa. Ƙafar kujerar ta zarce ta tsaga masa goshi. Yaya ya zube a kan Tela, jininsa yana bin katunan da ke warwatse a ƙasa.

Sai a lokacin idon Guduma ya buɗe. Ya saki kujerar ya durƙusa yana jijjiga shi. "Yaya! Yaya, tashi! Ban gan ka ba, wallahi ban gan ka ba!"

'Yan sanda suka tafi da shi da jinin ɗan'uwansa a riga. Tela ya sha ɗinki, ya warke. Da aka zo asibiti jin ta bakin Yaya, cewa ya yi shi ba ya ƙarar kowa, har ya roƙi Tela da Mai Shago su yi haƙuri. Suka haƙura saboda shi, amma Mai Shago ya rantse Guduma ba zai sake taka benensa ba.

Goshin ya warke. Hannun ne bai dawo ba. Ƙashin ya farfashe, jijiya ta tsinke, yatsun suka sandare. Ko cokali ba ya iya riƙewa, balle kati bakwai.

Da aka sako Guduma, ya zauna ya zazzage katunansa masu kyau, ya haɗa ɗauri irin wanda ya kamata ya haɗa tun farko. Kuzari isasshe, ƙananan mayaƙa, komai daidai. Ya kai gidan. Matar Yaya ta buɗe masa ƙofa, ba ta amsa gaisuwarsa ba, ta nuna masa ɗaki kawai.

Ya durƙusa gaban gado ya ajiye katin yana kuka.

"Yaya, ga na gaskiyar. Ka yafe min. Ni zan riƙa riƙe maka katin, ko'ina ne zan goya ka mu je."

Yaya ya kalli katin, ya kalli hannunsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Na... na yafe maka, Auta. A... amma da ka ce min ku... kunyata kake ji, da na za... zauna a gida da hannuna."

Ya juya fuskarsa bango.

Tun daga ranar Yaya bai sake taka ƙofar gida ba. Guduma yana zuwa kullum ya zauna a bakin ɗakin, ya yi ta kira. Wani lokaci a amsa masa, wani lokaci a ce yana barci.

Darasi: In aka ba ka amanar koya wa sabo, ka koya masa da gaskiya, don ramin muguntar da ka gina wa wanda ya yarda da kai, ƙafarka ce za ta fara faɗawa. Kada ka ji kunyar naka don Allah ya jarrabe shi, kuma ka riƙe hannunka lokacin fushi, domin ana iya yafe maka amma abin da ka karya ba lallai ya gyaru ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai saurin hannun da zai karanta ya tsaya.